Yadda Za Ka Sa Ɗalibai Su Binciko Tarihin Gwarazan 'Yan Wasa Da Kansu

A Jos ba a shan wahala kafin yaro ya buɗe baki a kan ƙwallo. Ɗalibin da zai cinye zango guda bai ɗaga hannu a aji ba, in ka tambaye shi wa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2018, kafin ka rufe baki ya ce Ahmed Musa, har ya ƙara maka da cewa ai ɗan garin nan ne. Manufar wannan darasi ita ce a kama wannan zumuɗi a koya wa yaro bincike da shi: yadda ake yin tambaya, yadda ake neman amsa, yadda ake rabe labarin gaskiya da shaci-faɗi, da yadda ake tsayawa gaban jama'a a faɗi abin da aka gano.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma shi ne mai wuya ga malamai. Malam, ko Malama, ba daga bakinka labarin zai fito ba. In ka tsaya gaban allo ka karanto musu tarihin Nwankwo Kanu suka kwafa a littafi, rubutu aka yi, ba bincike ba. Aikinka shirya hanya, nasu tonowa.

Tsarin ya fi dacewa da 'yan firamare biyar da shida da 'yan ƙaramar sakandare, a irin ajin da muka saba da shi: yara sun yi yawa, babu laburare, wuta kuma sai ta ga dama. Mako uku ya isa in kana samun darasi biyu a mako. Zai shiga darasin Hausa, ko Turanci, ko zamantakewa, ko motsa jiki.

Mataki na farko: zaɓen sunaye

In ka bar wa yara zaɓi, rabin aji Ronaldo, rabi Messi, shi ke nan an tashi. Don haka ka zo da jerin sunayenka daga gida, kamar goma zuwa sha biyu. Ma'aunin zaɓe ba yawan kuɗi ko yawan kofuna ba ne. Ka nemi wanda ya ci karo da wani cikas a rayuwa ya tsallake, domin a nan ne yaro zai sami abin riƙewa.

Fara da gida. Ahmed Musa an haife shi a Jos a 1992, ya buga wa Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, daga nan ya wuce Holan, sai CSKA Moscow ta Rasha, sai Leicester City ta Ingila. Ƙwallaye huɗu ya ci a gasar cin kofin duniya, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. John Mikel Obi ma ɗan Jos ne, haihuwar 1987, ya bi ta Plateau United kafin ya kai Chelsea, ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2012, kofin Afirka a 2013, da lambar tagulla a Olamfik ta 2016. Akwai Moses Simon da Ogenyi Onazi, su ma haifaffun Jos. Akwai marigayi Ismaila Mabo, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Mighty Jets ta Jos, wanda ya horar da Super Falcons har ta kai zagayen 'yan takwas a gasar duniya ta mata a 1999, ya rasu a 2023. Ita kanta Mighty Jets ta cancanci rukuni guda, don ita ta fara lashe gasar lig ta Najeriya a 1972. Yara da yawa a garin nan ba su san haka ba, ko da yake galibi sun san Plateau United ta lashe a 2017.

Sai ka fita daga ƙwallon ƙafa, kuma ka tabbata mata sun kusa rabin jerin. Wannan ba kwalliya ba ce. Yarinyar da ta ga jerin maza zalla ta riga ta fahimci darasin ba nata ba ne, za ta koma bayan aji ta yi shiru. Sa Chioma Ajunwa, 'yar sandan da ta ci wa Najeriya zinare a dogon tsalle a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da tsallen mita 7.12. Sa Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022. Sa Asisat Oshoala, wadda ta zama gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka har sau shida. Sa Folashade Oluwafemiayo, haifaffiyar Jos, mai ɗaga ƙarfe a gasar masu buƙata ta musamman, wadda ta ci zinare a Tokyo sannan ta sake ci a Paris a 2024 da nauyin kilo 167. A ganina jerin da babu mai lalurar nakasa a ciki bai cika ba, musamman ganin irin lambobin da 'yan Najeriya suke kwasowa a wannan fanni.

Daga waje biyu ko uku sun isa. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun yada-ƙanin-wani a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Wilma Rudolph ta Amurka ta yi fama da shan inna tana ƙarama, ta girma ta ci zinare uku a tsere a wannan gasa ta 1960. Sadio Mané ya gina asibiti da makaranta a ƙauyensu Bambali a Senegal. Nwankwo Kanu, ko da yake namu ne, labarinsa ya shiga nan: an yi masa aikin zuciya a 1996, shekarar da shi da tawagar Najeriya suka ci zinaren Olamfik, ya warke ya koma fili, daga baya ya kafa gidauniyar taimakon masu ciwon zuciya.

Ka bar gurbi ɗaya a buɗe don ɗan dambe ko ɗan kokawa da dattawan unguwa suka sani. Rukunin da ya faɗa kan wannan ba zai dogara da intanet ba sam, kuma sau da yawa aikinsu ya fi armashi.

Mataki na biyu: raba rukuni

Yara biyar zuwa shida a kowane rukuni, kuma kai za ka raba, ba su ba. Gauraya masu ƙoƙari da masu rauni, maza da mata, Musulmi da Kirista in ajinka na haɗaka ne, kamar yadda makarantu da yawa suke a Jos. Rubuta sunayen 'yan wasan a guntayen takarda, nannaɗe, zuba a hula, kowane rukuni ya ja ƙuri'a. Za a yi ƙunƙuni, kada ka canja wa kowa. Ba kowane yaro aiki mai suna: mai karatu, mai rubutu, mai tambayar dattawa, mai zane, mai duba gaskiyar bayani. In ba ka yi haka ba yaro ɗaya zai yi komai, sauran su sa suna.

Mataki na uku: tambayoyi kafin amsa

Darasin farko gaba ɗaya a kan tambaya zai ƙare. Kowane rukuni ya raba shafi biyu: gefe ɗaya abin da suka riga suka sani ko suka ji, ɗaya gefen abin da suke so su sani. Kada ka gyara musu kuskuren da ke gefen farko. Bar shi nan, binciken zai gyara, kuma gyaran da yaro ya gano da kansa ya fi zama.

Daga nan ka nuna musu bambancin tambayar da amsarta kalma ɗaya ce da wadda sai an yi tunani. Yaushe aka haife ta, a ina, wace ƙungiya ta buga wa: waɗannan dole ne, amma da su kaɗai katin shaida za a rubuta. Tambayoyin da ke ɗauke da darasin su ne irin waɗannan. Me ya tare masa hanya yana yaro? Wa ya taimake shi, uwa ce, ko malami, ko koci? Ya taɓa faɗuwa, kuma me ya yi bayan faɗuwar? Me ta yi wa garinsu bayan ta samu? Kowane rukuni ya fita da tambaya shida, uku na bayani, uku na tunani, a rubuce, da sa hannunka a ƙasa.

Mataki na huɗu: neman bayani

Nan ne yawancin malamai suke sarewa, su ce babu kayan aiki. Akwai, sai dai a warwatse suke.

Wayarka ita ce laburaren farko. Tun kafin mako na biyu ka sauke wa kowane ɗan wasa rubutu biyu daga wurare daban-daban, misali shafin Wikipedia ɗaya da labarin BBC Hausa ko na wata jarida ɗaya, ka kai mai kwamfuta ya fitar maka a takarda, kowane rukuni shafi biyu zuwa uku. Ka yi wa hedimasta maganar kuɗin futokofi da wuri, kada ka ɗora wa yara. Wikipedia tana da sashen Hausa, amma wasu shafukan gajeru ne ko fassararsu da gargada, don haka ka karanta kafin ka raba. Ban ba da shawarar a miƙa wa yaran firamare waya su shiga intanet su kaɗai ba, domin shafukan labarin wasanni cike suke da tallan caca.

Tsofaffin jaridu ma suna aiki. Shafukan wasanni a baya suke. Wanda ke da hali ya leƙa reshen Laburaren Ƙasa da ke Jos ya nemi tsofaffin fitowar jaridar Nigeria Standard, wadda ta daɗe tana kawo labarin ƙungiyoyin Filato. Labaran wasanni na rediyo, na PRTV ta jihar Filato ko na tashoshin waje masu sashen Hausa, yaro zai iya saurara a gida da littafi a hannu.

Amma tushen da na fi ba muhimmanci shi ne mutane. Da tsohuwar zuma ake magani. A Gangare, Unguwar Rogo, Rikkos, Nasarawa, da kewayen Dilimi akwai dattawan da suka kalli Mighty Jets da idonsu, akwai masu horar da yara a filayen unguwa da suka san yadda ake tashi daga buga ƙwallo ba takalmi zuwa filin wasa na Rwang Pam. Sai dai yaro bai iya hira da babba ba sai an koya masa. Ku gwada a aji, kai ka zama dattijon. Yaro ya yi sallama, ya rusuna, ya ce: “Baba, sannu da hutawa. Malaminmu ne ya ba mu aikin bincike a kan 'yan wasan dā. In da hali muna so mu yi maka tambaya uku.” In an ba da izini, ɗaya na tambaya, ɗaya na rubutu. Ba a katse babba ko da ya kauce hanya, sai ya kai aya a ce: “Baba, kai da kanka ka kalli wasan, ko labari ka ji?” Wannan tambaya ta fi duk sauran daraja. A ƙarshe a yi godiya, a rubuta ranar da aka yi hirar.

Ka kafa doka a nan, kada ka sassauta: da sanin iyaye, da rana, cikin unguwarsu, mutum biyu ko fiye, kuma wanda za a tambaya ya zama iyaye sun san shi. Ba wanda zai fake da aikin makaranta ya tafi gidan kallon ƙwallo da dare. Yarinyar da ba a bari ta fita, ta tambayi kakanta ko kawunta a gida, ya wadatar.

Mataki na biyar: tantance abin da aka samo

In lokaci ya ƙure maka, ka rage zane da ado, kada ka rage wannan. Dokar mai sauƙi ce: duk shekara, duk adadi, duk sunan gasa, sai an gan shi a wuri biyu kafin ya hau kwali. Mai duba gaskiya na kowane rukuni ya ja layi uku a littafinsa: bayanin, inda aka fara samunsa, inda aka sake ganinsa. Wanda aka samu a wuri ɗaya kaɗai a rubuta gefensa cewa wane ne ya faɗa.

Ga misalin da za ka yi musu a allo. Rukunin Tobi Amusan za su ga wata takarda ta ce daƙiƙa 12.12, wata ta ce 12.06, kuma duk a rana ɗaya, a birnin Eugene na Amurka, a watan Yulin 2022. Rubuta lambobin biyu ka tambayi aji wanne ne gaskiya. Bar su su yi gardama. Wasu za su ce ɗan jarida ne ya yi kuskure, wasu su zaɓi ƙarami don ya fi burgewa. Sai ka sa mai karatu ya sake karanta takardun a hankali. Duka biyun gaskiya ne. Ta yi 12.12 a zagayen kusa da na ƙarshe, shi ne aka rubuta a matsayin tarihin duniya. Ta yi 12.06 a zagayen ƙarshe ta ci zinare, amma iskar da ke tura su ta baya ta kai mita 2.5 a daƙiƙa, ƙa'ida kuwa kada ta wuce mita 2, don haka ba a ƙirga shi cikin tarihi ba. A nan yaro zai gane cewa in bayani biyu suka saɓa, ba lallai wani ya yi ƙarya ba, wani lokaci karatun ne bai kai ƙarshe ba.

Misali na biyu na zato ne. Hakeem Olajuwon haifaffen Legas ne, ya ɗauki kofin ƙwallon kwando na Amurka da Houston Rockets a 1994 da 1995, an kuma san shi da buga wasa yana azumin Ramadan. Ya ci zinare a Olamfik ta 1996. Yaro zai rubuta cewa ya ci wa Najeriya, tunda ɗan Najeriya ne. Amurka ya buga wa. Tambaye shi a wane layi ya ga an ce Najeriya, zai duba ya rasa, daga ranar ya san bambancin abin da ya karanta da abin da ya ɗauka.

Shi kuwa labarin da aka turo a WhatsApp babu sunan marubuci, babu kwanan wata, ba ya shiga lissafin wuri biyu ko da mutum goma suka turo shi.

Mataki na shida: rubutu da bakinsu

Karɓe takardun da ka raba, ka kife su a kan teburinka. Kowane rukuni ya rubuta labarin ɗan wasansa daga guntayen bayanan da ke littafinsu, shafi ɗaya, ba fiye ba. In bayanin da Turanci yake, sa su fara ba juna labarin da Hausa kafin su rubuta, kowane harshe za a rubuta da shi. Wanda ya iya mayar da labari cikin harshen gida ya fahimce shi. In ka ga jimlar da ta fi ƙarfin yaro, kada ka yi faɗa, ce masa kawai ya yi maka bayaninta.

A kwali ɗaya su jera shekaru a kan dogon layi: haihuwa, farkon wasa, cikas, babbar nasara. Mai zane ya zana mutumin ko rigarsa ko taswirar garinsu. Kwali da alƙalamin maka biyu sun isa rukuni.

Kafin ranar gabatarwa ka fitar da su fili na rabin awa. Ari tef ɗin awo wurin tela ko magini, ku auna mita 7.12 a ƙasa, a ja layi da toka a farko da ƙarshe. Kowa ya zo da gudu ya yi tsalle, a sa dutse inda ya dira. Babban ajin zai dira ya waiwaya, ya ga bai fi rabi ba. Sannan ka ce musu mace ce ta tsallake wannan duka a tsalle ɗaya. Haka kilo 167: sa su lissafa buhun shinkafa mai kilo 50 nawa ke ciki, su ga uku ne har da ragowar kilo 17, kuma a kwance take ɗagawa, da ƙarfin hannu da ƙirji kawai. Lissafi ya shiga darasin ba tare da an ambaci sunansa ba.

Mataki na bakwai: gabatarwa da maki

Minti biyar kowane rukuni, kuma kowane yaro sai ya faɗi wani abu ko jimla biyu ce. Bayan sun gama, aji ya yi musu tambaya biyu, ɗaya dole ta zama: a ina kuka samo wannan? Wanda aka tambaye shi abin da bai bincika ba ya ce bai bincika ba, ka yaba masa a fili, don ya fi wanda ya ƙirƙiro amsa. In hedimasta ya amince, rukunin da ya fi ya maimaita a asambuli, a gayyato dattijon da aka yi hira da shi ya zauna gaba.

Maki ashirin nake ba da shawara: shida ga tantance bayani, shida ga rubutu da kalmominsu, huɗu ga gabatarwa, huɗu ga aiki tare. Kyan kwali ba shi da maki, in ba haka ba ɗan mai kuɗi ne zai riƙa cinyewa. Faɗa musu wannan rabo tun ranar farko.

Abubuwa biyu da za su taso

Na farko, yara za su tono abin da ba na yabo ba. Rukunin Chioma Ajunwa za su ga an dakatar da ita shekara huɗu daga 1992 bayan gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari, ita kuma ta dage cewa ba ta sha da saninta ba, ta dawo ta ci zinare a 1996. Kada ka ce su share. Su rubuta abin da hukuma ta yanke, su rubuta abin da ita ta ce, su rubuta abin da ya biyo baya. Mai bincike ba maroƙi ba ne. Abin da ya shafi aure da rikicin gida na ɗan wasa kuwa ba ya cikin tambayoyi shida da ka sa wa hannu, a bar shi.

Na biyu, wani yaro zai ce to shi ma ƙwallo zai bi, boko ta isa haka. Kada ka kashe masa gwiwa, kada kuma ka yi masa wa'azi. Ba shi ƙarin bincike. Ya je ya duba Segun Odegbami, wanda ya tashi a Jos, ya karanta injiniya a kwalejin fasaha ta Ibadan, ya kuma ci ƙwallo biyu a wasan ƙarshe da Aljeriya lokacin da Najeriya ta fara ɗaukar kofin Afirka a 1980. Ya duba Amusan da Olajuwon, waɗanda duka ta jami'a suka bi a Amurka. Sannan ya tambayi kocin unguwarsu yara nawa ya horar, nawa daga ciki suke cin abinci da ƙwallo yau, ya kawo amsar aji.

In an gama, tattara kwalayen da shafukan tantancewa ka ajiye a ofishin hedimasta, da shekarar a rubuce a bayan kowanne. 'Yan ajin baɗi su fara da su: su duba abin da ya canja, wa ya sauya ƙungiya, wa ya yi ritaya, wane tarihi aka karya, sannan su ƙara sabbin sunaye biyu ko uku a jerin.